Kada a Kashe wa Wak Sahari Murya

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Rohani binti Jamali, mazauniyar Katanning. Na rubuta wannan da cikakken hankalina, ba magani ne ke magana ba. Likitocin Perth sun ce ciwon ya kai hanta, kuma jikina ya gaskata su. Ridzwan, Norlela, 'ya'yana, ku zauna ku karanta tare.

1. A raba gida da abin da ke cikinsa yadda shari'a ta tsara, liman zai tsaya muku. Ba wanda ke bi na bashi. A binne ni a nan, kada a ɗauki gawata a jirgi zuwa tsibirinmu na asali, Home Island.

2. Ƙunshin manhajar imel da na daɗe ina kula da shi a rumbun tsarinmu, inda jama'a ke sauke manhajojin kwamfuta, na bar wa Ridzwan, kuma na sanar da sauran masu aikin sa kai. Ka san al'adarmu: mai kula ya yi shiru, sai a rubuta wa ƙunshinsa maraya, kowa ya sa hannu ya gyara yadda ya so. Kada ka bari a kai nan.

3. Cikin zaɓuɓɓukan gini, wato harhaɗa manhaja ta zama mai aiki, akwai na murya, mai sa manhaja ta karanta rubutu a bayyane. Ka bar shi a kunne. Injinan rumbu abin da aka bari a kunne kawai suke ginawa, kuma wannan ginannen ne ke isa wurin yayana, Wak Sahari, a Home Island. Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, da wannan muryar yake jin saƙonninmu. Kwamfutarsa ta tsufa, ba zai iya gina nasa ba.

Na ji abin da ka ce, ɗana: wai ni, Mak, ina ɗora wa duniya kaya saboda tsoho ɗaya. Ba ka yi ƙarya ba. Zaɓin yana janyo ƙunshe-ƙunshe masu nauyi, yana yawan karya gini, ni ma ya sha wahalar da ni. Amma ranar da aka kashe shi, manhajar za ta buɗe masa shiru. Da me zai rubuto ƙorafi? Masu ƙirga ƙorafi za su ga babu ko ɗaya, su ce ashe ba mai buƙata. Kuma ban san makafi nawa ne irinsa ba, don ba su taɓa rubuto mini ba.

4. Duk sabon fitowa, ka gina da zaɓin, ka gina babu shi. Sannan ka kashe allon kwamfutar, ka nemi saƙo ɗaya da kunnenka. In ba ka same shi ba, kada ka tura.

5. Norlela, ranar Hari Raya, wato Sallah, kin kira yayanki marar zuciya a gaban baƙi, tun daga nan ba kwa magana. Ki nemi gafararsa, ke ce ƙarama. Ba ki san aikin ba, amma bayan kowane sabuntawa ki kira Wak ki tambaye shi ko na'urar na magana. Abin da ya ce, ki gaya wa Ridzwan da bakinki.

Wak bai san nisan da ciwon ya yi ba. Idan lokaci ya yi, kada ku rubuta masa. Muryar nan da sauti ɗaya take karanta komai, haka za ta karanta masa mutuwata kamar tallan kanti. Ku kira shi, ku biyu, a waya ɗaya.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Kada ku saki juna, kada ku saki Wak.

Mak