Tulin Itacen Illa

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Burodi ya ƙare kafin hantsi, alhamdulillahi. Masu shayin tasha sun kwashe kaf.

Illa ya kawo itace, kamar kowace Litinin. Shekara ashirin da biyu ke nan amalankensa yana tsayawa a ƙofar tanderuna, tun daga wajen Icirnawa. Na ce masa ya tsufa. Ya ce madubi ne ba ni da shi. Mun sha shayi, ya tafi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Najaha ta taso daga aiki da buhu a bayan babur. Tun da 'yar nan tawa ta shiga sashen tsabtar gari a ma'aikatar magajin gari ban huta da sababbin maganganu ba. Yau kuma wai garuruwa huɗu ne suka haɗa kai. Mu nan Matameye mu tara ɓawon raken da ake zubarwa a kasuwa da tasha. Matan Tsauni su ƙona shi a duro, su daka, su kwaɓa da kokon rogo. Maƙeran Yauri sun ƙera abin matse shi ya zama curi-curin gawayi, irin wanda ke cikin buhun. Mutanen Icirnawa kuma su bar gawo ya tofo a gonaki, a rage sara. Wai so ake hayaƙin da muke fitarwa da wanda itatuwa ke shanyewa su yi kunnen doki. Na ce to, kokawa ce ke nan za mu yi da sama?

Ba ta yi dariya ba. Halin uwarta sak.

"Baba, sau ɗaya kawai za ka gwada."

Na ce tanderun kakanta bai taɓa cin shara ba, ba kuma a hannuna zai fara ba. Ta dire buhun ta yi tafiyarta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na gwada. Don ta ƙyale ni ne kawai.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Abin haushi, gawayin nan yana ci. Yana da nawar kamawa, amma in ya kama, ya kama ke nan, zafinsa bai ɗaya har ƙurya. Burodi ya fito ja, bayansa ƙarau. Na zuba ido wani ya ce ɗanɗano ya sauya, ko mutum ɗaya. Matata Batulu ta ce kwana uku ba ta ji tarina ba. Na ce kunnenta ne ya yi nauyi. Shekara talatin da aure, har yau ba ta bar ni na ci gardama ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Illa ya zo. Tun asuba na shirya abin da zan faɗa masa, da na gan shi yana kwance igiya sai na fasa.

Ta ina zan fara? Ni kaɗai na rage masa cikin manyan masu saye. Da itacen nan ya aurar da 'ya'yansa mata uku. Shekarar da ruwa ya rusa min tanderu, shi ya yi ta jido ƙasa da shanunsa kwana biyar, ban roƙe shi ba, ko goro ya ƙi karɓa. Yanzu in dube shi in ce ɓawon rake ya fi shi? Allah ya kiyaye. Ina tsoron ranar da Litinin za ta zo babu amalanke a ƙofa, gaskiya ke nan.

Na karɓa, na sallame shi kamar kullum. Bayan ya tafi na kwashe itacen zuwa tsohon garken awaki na rufe da zana. Na ce wa Najaha buhunanta ta riƙa shigo da su ta ƙofar baya, kuma in Illa ya ji, ni da ita ne. Ta yi min wani irin kallo, kamar za ta yi magana, ta fasa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Lafiya lau. Ciniki lau. Jikata ta fara tafiya, ta faɗa cikin kwanon gari, ta fito fari fat.

Litinin, 2 ga Disamba

Sai bayan azahar Illa ya iso. Itacen ƙanana, wasu duk gara ta ci. Jan sansa yana ɗingishi. Na tambaya, ya ce hanya ce. Bai gama shayinsa ba yake gyangyaɗi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Najaha na so ta kawo masu burodin Yauri su ga yadda nake jera gawayi. Wai ni ne na fari a garuruwan huɗu. Na ce a'a da babbar murya. In baƙi suka zo, kafin la'asar labari ya kai Icirnawa.

Batulu ta leƙa garke ta ce ko rumbun itace nake ginawa mu ci da bazara.

Litinin, 16 ga Disamba

Asiri ya tonu.

Illa ya zaga baya ɗebo wa shanu ruwa, ashe iska ta kayar da zanar. Da na ji shiru ya yi yawa na bi shi. Na same shi tsaye gaban tulin, guga a hannu. Lodi huɗu cur, ko ɗauri ɗaya ba a kwance ba. Kuma ba halin in ce na wani ne, don duk ƙasar nan shi kaɗai ke ƙulla kaba sau biyu ya soke bakinta ciki.

"Sallau, wannan ai ɗaurina ne na watan jiya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, ina cewa tanadi nake yi. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, har ya zauna a kan itacen yana share ido.

Da ya sami numfashi ya ba ni labari. Busasshen itace ya ƙare a kusa da su tuni, ɗanye kuwa ya daina sara tun da garinsu ya yi alkawari. Tun kaka shi ke kai wa matan Tsauni ɓawon rake, ya juyo da gawayi, aikin ya ishe shi ci har da saura. Itacena kaɗai ne yake fita nema, kwana biyu a daji kowane mako, can ne sa ya gurɗe. Wai ya san ni da taurin kai, ba zan taɓa sa shara a tanderun mahaifina ba, shi kuwa ba zai bari wutata ta mutu ba.

"Buhunan da ke shigo maka ta baya, a amalankena suke zuwa gari."

Kwana biyu a daji, da shekarunsa, saboda itacen da gara ke ci a garkena. Wannan ya tsaya min a rai.

Da Najaha ta dawo na tsare ta. Ta ce kowannenmu ya ce ta rufa masa asiri, to ta rufa. Uwarta tana gefe tana ta dariya.

Litinin, 23 ga Disamba

Illa ya zo da hantsi, buhu shida, ta ƙofar gaba. Sa ya daina ɗingishi. Ya shanye shayinsa har ya nemi ƙari, ya ce furfurata ta ƙaru.

Alhamis zan bi shi Yauri. Ba wai maganar kunnen dokinsu ta shige ni ba ne. Kawai kada mutanen can su jera gawayi ba daidai ba su ɓata burodi, a ce daga Matameye aka koya.

Tulin itacen na raba wa maƙwabta. Ɗauri ɗaya na rage, na rataye a saman ƙofar tanderu. Batulu ta tambaya na mene ne, na ce na hura wuta ne.

Ban kwance shi ba tukuna.