Tokar Bahago

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Zainabu da yara. Yaya zafin Agadas, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan Kara-Kara lafiya lau, Inna tana sa maka albarka. Ni ce dai na kasa zama wuri ɗaya.

Maganar Isufu Bahago ce, abokin balonka, wanda kuka buga ƙwallo tare. Mutumin da ya sa rigar ƙasa, Yamai ta so riƙe shi ya ƙi, ya dawo yana koya wa yaran unguwa. Har yau duk Juma'a yana bin gidajenmu karɓar tokar murhu, ya ja layin filin balo da ita, da gwiwar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa.

To, ran Laraba wasu suka zo da mota suka kafa duwatsun iyaka a tsakiyar filin, wai an sayar. Ran Juma'a na kai masa tokata, na ce, "Yaya Isufu, ka haƙura mana, me ya rage?" Ko kallona bai yi ba. Ya ja layinsa ta kan duwatsun har ƙarshe, ya zauna a bakin raga. Tun daga ranar nan, a can yake wuni.

Don Allah ka zo, manyan unguwa suna jin maganarka. Ka sa mu a addu'a, ka gai da Zainabu.

Ka tuna Isufu yakan ce in kai ne kake tsaron raga ba ya waiwaye, don ya san bayansa a tsare yake? Jiya na gan shi yana ta waiwaye, Yaya.

Ƙanwarka,
Hadiza