Kuɗin Tsufana da Gidan Gwammaja

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma yau na yi abin da da kina raye sai na fara jin ta bakinki.

Inna, na taɓa kuɗin tsufana.

Kin tuna shekarun da na yi ina aikin jinya a Ingila kafin na koma Dubai. Duk wata ana yankar wani abu daga albashina a zuba a asusun fansho. Ke kika sa masa suna adashin Turawa, kina yi mini tsiya wai wane irin adashi ne ba a ɗauka sai an yi furfura. To, furfurar ta zo. Na cika hamsin da biyar, kuma dokarsu ta ba ni dama in ciri kashi ɗaya cikin huɗu a dunƙule, babu haraji, ko da ban ajiye aiki ba. Sai dai abin da ya fita ya fita ke nan, kuma abin da zan riƙa samu in ƙarfina ya ƙare zai ragu.

Ban taɓa niyyar cirar ko sisi ba. Gidanmu na Gwammaja ne ya jawo.

Kin san tun rasuwar Baba ba wanda ya tayar da maganar gado, saboda kunyar idonki. Ana gama zaman makokinki, ƙannena Sani da Kabiru suka kira malami ya raba, suka kawo dillali. An sami mai saye, wani da zai rushe gidan ya jera shaguna. Haƙƙinsu ne, kuma Sani 'ya'yansa tara, ban ce sun yi haramun ba. Amma na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Ko carbinki ba a sauke daga ƙusa ba tukuna.

Sai Rabi, autarki, da ke zaune a gidan da marayunta huɗu tun rasuwar mijinta. Rabonta rabin na namiji ne, ko ɗaki biyu ba zai saya mata a bayan gari ba. Da muka yi waya ba ta roƙe ni komai ba, kin san halinta, naki ta ɗauko. Tambayata kawai ta yi ko na san mai son keken ɗinki, wai tana rage kaya.

Malamin ya ce in akwai magajin da zai iya biyan farashin, shi ya fi cancanta da gidan. Aka ba ni wata biyu. Mutanen gida suna jin Dubai sai su ɗauka a ƙasa muke tsintar kuɗi. Hayar ɗan ɗakina a Al Qusais kaɗai ta isa ta wanke musu ido.

Na yi kwanaki ina juya abin. A nan, ranar da aiki ya ƙare biza ta ƙare. Na ga wata abokiyar aikina da ta shekara ashirin a asibitinmu, aka yi mata walima da kek, bayan 'yan makonni tana filin jirgi da akwati biyu. Ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Kuɗin nan su ne ɗan da nake sa ran zai riƙe ni.

Na tuna buhun geron da kike saye da kaka ki kai ɗakin Baba. Kina cewa, "Wannan na tsakiyar damina ne, kowa ya ɗauke idonsa." Ko da muna cin tuwo da miya tsululu ba kya buɗe shi. Amma shekarar da gobara ta cinye gidan maƙwabtanmu, da hannunki kika farke bakinsa kika ɗebar musu tun rani bai raba ba. Daminar nan mun ji jiki, ban manta ba. Ban kuma taɓa jin kin yi da-na-sani ba.

Baturiyar da ta amsa wayata a kamfanin fansho sau uku tana tambayata ko na fahimci abin da zan rasa. Na kusa ce mata na fi ta sani. Na sa hannu, kuɗin sun shigo, yau da safe na tura wa su Sani rabonsu, na ce wa Rabi ta kwance kayan da ta ɗaure.

Mutane za su ce na yi zumunci. Ke dai ba zan yi miki ƙarya ba. Tsoro nake ji, Inna, kuma ba don Rabi kaɗai na yi ba. Shekara talatin ina zaune a ƙasashen da sai an buga mini hatimi nake kwana. Ina son ƙofa ɗaya a duniya da zan tura in shiga ba wanda zai tambaye ni yaushe zan tafi. Na saye ta da kuɗin abincin tsufana, alhali na san in na shiga na yi sallama ba ke za ki amsa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi. Ni kuma Allah Ya rufa mini asiri a ƙarshen rayuwata, Ya sa in cika a ɗakinki.

Taki har abada,
Hadiza
Al Qusais, Dubai