Sun Ce In Daina Auna Rijiyar

Laraba, bayan Isha'i

Yau na je Taba auna nisan ruwan rijiya, kamar kowane rani. Ina warware igiyar awo, Baba Ilu mai rijiyar ya matso. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Dakta, ki yi haƙuri, matan unguwa sun yi magana. Wai duk zuwanki ruwan ƙara nisa yake. A bar awon nan haka."

Na buɗe baki zan yi bayanin canjin damina, sai na tuna littafina ma abin da yake nunawa ke nan.

Na naɗe igiyata. Ko haushi ban ji ba. Shekara goma ina rubuta saukar ruwan nan, ban ƙara musu ko guga ɗaya ba.