Gogen da Kike Rufewa da Taɓarya

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni me ya sa nake rage muryar rediyo duk sanda kiɗan buɗe shiri ya tashi. Na ce mata tsufa ne. Ke kin san ba shi ba ne.

Kin tuna rediyon da Baba ya sayo ana gab da tafiyar Nasara. Bayan la'asar maza kan cika zaure don jin shirin hira, inda dattawa ke gardama kan gyada da haraji. Kafin kowa ya buɗe baki sai a saki goge. An ce wani Bature ne ya ɗauko shi a Jiratawa da na'urarsa, ya ji amon ya yi masa daɗi. Bai tambayi kowa ko kiɗan wa ne ba. Ilimi ya yi masa yawa. Taken Doguwa ne, iskar da kika gada wajen mahaifiyarki, wadda kika rantse kin bari kafin a kawo ki Maraɗi.

Sharaɗin Baba kuwa har mu yara mun san shi: ranar da bori ya kayar da ke a gidansa, ranar za ki koma Jiratawa, mu kuma mu zauna.

Shi ya sa kika ƙirƙiro dakan la'asar. Da gogen ya fara sai ki jawo turmi, ko da tsaba kaɗan ce a ciki. Ki yi ta luguden taɓarya, haƙora a cije, har sai mai gabatarwa ya yi sallama. Maƙwabta suka yi ta yaba ƙwazonki. Ni kafaɗarki ta hagu nake kallo. Ba taɓarya take bi ba, gogen take bi.

Sai ga lokacin zaɓen i ko a'a kan ci gaba da zama ƙarƙashin Nasara. Mai unguwa ya ce tunda mata ma za su jefa ƙuri'a, a fito da rediyo tsakar gida su ji. Aka shimfiɗa wa liman buzu. Matan unguwa suka cika wurin. Turminki aka kife, wata baƙuwa ta zauna a kai.

Gogen ya tashi. Na ga idonki ya fara juyewa, yatsunki sun nutse cikin ƙasa, wuyanki ya sandare. Matar da ke kusa da ke ta soma ja da baya.

Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ce, "Ba kiɗa muka taru mu ji ba." Liman ya sa masa albarka, ya ce goge dama ba na gidan kirki ba ne.

Baba bai dube ki ba. Hannunsa na kan makunni, yatsansa ɗaya na bugawa a hankali. Da ya sake kunnawa, daidai kan sallamar mai gabatarwa ya faɗa, bai rage ba, bai wuce ba.

Inna, mutum ba ya sanin tsawon kiɗa haka sai in ya daɗe yana sauraron dakan da ke rufe shi.

Daga ranar kullum a makare yake kunna rediyo. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai rowar batir. Ku biyun ba ku taɓa ɗaga maganar ba har ƙasa ta rufe ku.

A jami'a na ci karo da faifan gogen nan, an rubuta a jikinsa wai kiɗan murnar girbi. Na saurare shi har ƙarshe. Gajere ne ƙwarai, Inna. A tsakar gidanmu na zaci ba zai ƙare ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki abin da kika gada da abin da kika ɓoye. Ya jiƙan Baba, wanda ya kafa sharaɗi kuma ya hana shi cika.

Ƴarki,
Rabi