Karatun Likita Ya Ƙi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa? Ni lafiya lau, sai aiki.

Sakamakon jarrabawar shiga karatun likita ya fito, ban ci ba. Karo na huɗu ke nan, kuma ba a yin na biyar. Ina canza wa wata tsohuwa ledar ƙarin ruwa saƙon ya shigo. Ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, na ƙarasa ɗaura mata ledar.

Digirin jinyar dai yana ciyar da ni, alhamdulillahi. Littattafan shirin jarrabawar kuwa na bayar.

Don Allah ki lallaɓa Inna ta daina ce mini "Likita" a waya, amma kada ki faɗa mata dalili.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki