Takardun Asibitin Sundus

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau wata biyu da matata Sundus ta koma gidansu a unguwar Jurf, da 'yarmu Nadiya. Bayan la'asar ta kira ni. Na ɗauka za ta ce in zo in ɗauke su. Sai ta ce, "Abu Nadiya, ka sauwaƙe min. Khalas." Na tambaye ta me na yi mata. Ta ce, "Ba ka yi min komai ba. Shi ne ai." Ina cikin bas a bakin masallacin Ƙiblatain, maziyartan da nake tuƙawa sun shiga ciki. Da suka fito na kai su Uhud kamar kullum. Ban san yadda na tuƙa ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Yaya Tasallah ta kawo min abinci, ta ga ban taɓa na jiya ba. Ta ce, "Lurwanu, matar ta tafi, kar 'yar ma ta tafi. Ka nemi muhami." Ta ba ni lambar wani lauya, Ustaz Bakri. Abokin aikina Yahya kuwa cewa ya yi lauyan me, komai yanzu a jawwal, wato wayar hannu, ake yi: ka cike fam ɗin kotu, a kira ku sulhu, in bai yiwu ba a turo takardar saki.

Na buɗe shafin don in gani kawai. Sunan miji. Sunan mata. Lambar auren. Adadin 'ya'ya. Nan na tsaya. Ɗaya zan rubuta, ko biyu? Ɗanmu Mu'azzam kwana uku ya yi a duniya, amma an raɗa masa suna. Na rufe.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shekara goma sha uku. A ce duka su shige shafi guda.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je ofishin Ustaz Bakri. Mutum ne mai natsuwa, bai ɓoye min komai ba. Ya ce yarinya 'yar shekara tara yawanci wajen uwa ake barin ta, sai in an nuna uwar ba za ta iya riƙo ba. Ya tambaya ko tana da wata lalura. Bakina ya riga ni. Na ce tun rasuwar jaririn take ganin likitan ƙwaƙwalwa, akwai lokacin da sai ta yini a kwance ba ta ɗora tukunya ba. Ya rubuta. Ya ce in kawo takardun asibitin ranar Alhamis, "amma ka sani, ya akhi, a gabanta za a karanta su."

Na fito ina jin kamar na samu makami. Astagfirullah. Amma haka na ji.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ɗauko Nadiya daga makaranta na kai ta Jurf. Da Hausa nake mata magana, tana mayar min da Larabci kamar kullum. Ta ce Mama ta soma koya mata ɗinki. Can ta ce, "Baba, inta za'lan min Mama?" Na ce a'a, ba fushi nake da ita ba. Ta dube ni irin duban uwarta.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na samu takardun a ƙasan durowarta, cikin ledar kanti. Ban je aiki ba. Na zauna a ƙasa na karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara uku tana zuwa. A kowace takarda akwai wurin sunan wanda ya rako mara lafiya. Inna Kaltuma, mahaifiyarta. Inna Kaltuma. Wasu ba kowa. Ina ta juyawa ina neman sunana. Babu, ko sau ɗaya. A wata takardar likita ya rubuta cewa an nemi mijin ya halarci zama na gaba. Na tuna ranar. Ta faɗa min ina sa takalmi, na ce ga maziyarta daga Kano, wani makon. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na ji daɗi da ba ta sake ba.

Ni ma ɗana ne ya rasu. Na gudu cikin bas, na bar ta da ɗakin. Wannan ne zan kai kotu a karanta a gabanta?

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na kira Ustaz Bakri na ba shi haƙuri, na ce ba zan kawo takardun ba. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Yaya ta yi faɗa har ta yi kuka, ta ce, "Za ka tsufa kai kaɗai a wannan gidan." Wataƙila.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Zaman sulhu, ta waya. Na roƙe ta ta dawo, sau ɗaya. Ta ce, "Da shekara biyu baya ne." Muka daidaita: Nadiya na wajenta, Alhamis zuwa Asabar tana wajena. Na ƙarasa fam ɗin a cikin bas, a bakin masallacin Ƙuba. Na furta sakin, na danna. Saƙon kotu ya shigo kafin maziyarta su gama nafila.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na je ɗaukar Nadiya. Ina kan matakala na ji dariya daga ciki, har da tari. Na ɗauka baƙuwa suka yi. Sai da ta yi magana na gane Sundus ce. Na ma manta haka take yi.

Ban ƙwanƙwasa ba. Na san da ta ji ni za ta daina. Na zauna a kan matakala kusan minti goma, har suka gama.

Iddarta ba ta cika ba, Yaya na ta tuna min ina da ikon mayar da ita. Na sani. Ba na jin zan yi.